Gyada a Bakin Kare: Ina Haɗarin Yake?

Wani maƙwabcina yana da karen gadi, baƙi mai farin ƙirji, wanda duk unguwa ta san haushinsa. Kwanaki likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, ƙwaya ɗaya tak, amma aka kwana biyu ana fama. A cusa a tuwo, ya cinye tuwon ya bar ƙwayar a ƙasa. A naɗe a tsokar nama, ya haɗiye naman ya furzo ta gefen baki. Can sai babban ɗansa ya ce, "Baba, na ga yadda Turawa suke yi a YouTube. A cikin botar gyada suke ɓoye ta." Aka lakato tunkuza daga ɗakin uwargida, aka dunƙule ƙwayar a ciki, kafin ka ce kwabo ta wuce. Da yamma muna zaune a ƙofar gida sai ya ce mini, "Malam, yaron nan kuma ya dawo yana cewa wai ya sake karantawa botar gyada tana kashe kare. To wanne za mu kama?"

Dukkan maganganun biyu suna da tushe, shi ya sa abin yake rikita mutane. Gyada ita kanta ba guba ba ce ga kare. Lafiyayyar gyada, soyayya ko markaɗaɗɗiya, wadda ba a ƙara mata komai ba, kare zai ci kaɗan ya kwana lafiya. Haɗarin yana zuwa ne ta ƙofa biyu: abin da masana'anta ta zuba a cikin kwalba, da abin da damshi ya shuka a cikin buhu. Ta farko ita ce ta tayar wa Amurkawa hankali har maganar ta cika intanet. Ta biyu ita ce tamu, kuma ita ce ba a cika ambata ba.

Sai mun fara raba suna, domin a Hausa "man gyada" shi ne wanda ake suya da shi. Botar gyada kuwa, wadda Turawa suke shafa wa burodi, soyayyar gyada ce da aka markaɗa ba a cire mata mai ba, wato matakin da mai ƙuli-ƙuli take ɗauko ƙullinta daga inji kafin ta zuba a turmi ta fara juyawa da ruwan zafi. Idan mai ya taso aka kwashe aka matse, abin da ya rage shi ne tunkuza. Ta kwalba kuwa ana ƙara mata gishiri da suga, wani lokaci da daskararren mai don kada man ya riƙa tasowa sama. A Amurka doka ta ce sai gyada ta kai kashi 90 cikin 100 kafin a kira abu botar gyada. Rigimar duk tana cikin ragowar kashi goman nan.

Akwai wani sinadarin zaƙi da ake kira zailitol. Fari ne kamar suga, zaƙinsa kusan ɗaya da na suga, amma kalorinsa, wato yawan kuzarin da yake ba jiki, bai kai na suga ba, kuma ba ya ɗaga sugan jinin mutum sosai. Masana kimiyya a Jamus da Faransa ne suka fara haɗa shi wajen 1891, sannan binciken da aka yi a birnin Turku na ƙasar Finland a shekarun 1970 ya nuna ƙwayoyin cutar da ke cin haƙori ba sa iya amfani da shi. Daga nan ya shiga cingam, da man goge baki, da alawar masu ciwon suga, da wasu magungunan ruwa na yara. Ga ɗan Adam abu ne mai sauƙi, iyaka in ya yi yawa ya ɓata ciki.

Jikin kare bai san wannan bambanci ba. A kusa da tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da insulin, wanda aikinsa shi ne kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Idan mutum ya ci zailitol, wannan gaɓa kusan ba ta motsawa. Idan kare ya ci, jininsa yana tsotse shi da sauri, gaɓar ta ɗauka suga ne ya shigo da yawa, sai ta kwararo insulin fiye da kima. Insulin ɗin ya zo bai tarar da sugan da aka kira shi dominsa ba, sai ya kwashe wanda ke cikin jinin tun asali. Tsakanin minti 10 zuwa awa ɗaya sai ka ga kare yana amai, yana tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa, daga nan jijjiga da suma. Wani lokaci alamun suna jinkiri har awanni da dama, musamman in cingam ya haɗiya.

Adadin da ke jawo wannan ƙarami ne ƙwarai. Likitocin dabbobi suna fara damuwa daga wajen miligiram 100 a kowane kilo na nauyin kare. Ke nan kare mai kilo 10, giram ɗaya kacal ya ishe shi faɗuwa, alhali ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar wajen giram huɗu. Idan abin ya kai rabin giram a kowane kilo, to an shiga wani babi mafi muni, domin hanta tana iya lalacewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. A 2006 likitoci daga cibiyar kula da gubar dabbobi ta ƙungiyar ASPCA a Amurka suka wallafa rahoto kan karnuka takwas da hantarsu ta gaza bayan cin zailitol, jininsu ya daina daskarewa. Biyar daga cikinsu ba su rayu ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ita ma ta sha fitar da gargaɗi ga masu karnuka a kan wannan sinadari.

To yaya aka yi ya shiga gyada? Wajen shekarar 2015 ne likitocin dabbobi a Amurka suka fara jan hankali cewa wasu ƙananan kamfanoni masu yi wa 'yan motsa jiki da masu rage ƙiba botar gyada sun maye gurbin suga da zailitol. A ƙasar da miliyoyin mutane suka saba cika wa kare robar wasa irin ta Kong da botar gyada don ya zauna yana lasa, ko su shafa ta a bangon banɗaki don ya tsaya a yi masa wanka, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Manyan samfurorin da aka fi sani galibi ba sa saka shi, kuma gyadar da aka markaɗo a injin unguwa babu ta inda za ta same shi. Amma manyan shagunan Kano da Kaduna da Abuja da Yamai suna cike da kayan da aka shigo da su, kuma masu ciwon suga suna ƙaruwa, kayan da aka rubuta wa "babu suga" suna samun kasuwa. Duk wanda zai ba kare daga kwalba, ya juya ta ya karanta jerin kayan haɗin. Da baƙin x sunan yake farawa, xylitol. Wasu suna rubuta birch sugar, kayan Turai kuma sukan sa lamba E967. Kada a ce an taɓa karantawa bara, domin kamfanoni suna sauya haɗi ba sanarwa. A ganina ma, a gidajenmu cingam ɗin da ke cikin jakar uwargida da man goge bakin da yara ke yasarwa a tsakar gida sun fi kwalbar gyada kusa da bakin kare.

In har ya ci, babu zancen a jira a gani. Manja da madara da muke ɗura wa duk wanda ya sha guba ba sa yin komai a nan, kuma ɗura wa karen da ke tangaɗi ruwa a baki na iya shaƙe shi. Kada a sa shi amai sai likita ya ce a yi. Idan jikinsa ya saki amma yana cikin hayyacinsa, a shafa masa ɗan zuma a dasashi a kama hanyar asibitin dabbobi, a tafi da kwalbar ko ledar abin da ya ci. Can za a yi masa ƙarin ruwa mai suga, a riƙa auna jininsa, a bi diddigin hantarsa na kwana biyu zuwa uku. Wanda aka kai da wuri, kafin hanta ta taɓu, yawanci yana tashi.

Yanzu mu dawo gida, ga abin da ya fi damuna.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake ƙuli ya san zaman tsintar gyada. A zuba ta a faifai, mata su kewaye, hannu yana tafiya baki yana hira. Ana ware motsattsu, da masu baƙin ciki, da waɗanda ƙwari suka huda, da masu ɗan kore-kore kamar an barbaɗa musu ƙura. Wanda ya taɓa tauna irin wannan bisa kuskure ya san ɗacin da ke sa mutum tofarwa nan take. To ina ake kai abin da aka ware? Ba a cika zubarwa ba. A watsa wa kaji, a haɗa wa awaki a dusa, a jefa wa kare. Mu a wurinmu tattali ne, kada abinci ya tafi a banza. Amma a haƙiƙa mun tsince gubar da ke cikin buhu guda mun tara ta wuri ɗaya, sannan muka miƙa wa dabba.

Sunan gubar aflatoksin, kuma wata fumfuna ce mai suna Aspergillus flavus da 'yar uwarta suke samar da ita. Ta dalilin gyada ma duniya ta san ta. A 1960 'ya'yan talotalo sama da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila, aka rasa gane cutar har aka sa mata sunan baƙin X. Da aka bi sawu sai aka tarar da garin tunkuzar gyada da aka shigo da shi daga Brazil aka haɗa abincin kaji da shi. Daga nan aka gano sinadarin, aka ciro masa suna daga sunan fumfunar. Yau hukumar binciken cutar kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum cutar kansa, ta hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Fumfunar tana zaune a ƙasa, gyada kuma a cikin ƙasa take 'ya'ya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: idan ruwa ya ɗauke a ƙarshen damina ƙasa ta yi zafi, ko gara ta ci ɓawo, ko fartanya ta sare shi wajen cira, ƙofa ta buɗe. Sauran aikin kuma a gida ake ƙarasa shi, in aka tara gyada ba ta gama bushewa ba, ko aka shanya a ƙasa raɓa ta sauka, ko aka jingina buhu da bango mai damshi a ɗakin da iska ba ta shiga. Manoma sun san gyadar da ta bushe da kyau, in ka girgiza ɓawon za ka ji ƙwayar tana ƙara a ciki. Wadda ba ta yi wannan ƙarar ba, ba ta isa shiga buhu ba.

Abu biyu ne suka sa wannan guba take da wuyar sha'ani. Na farko, wuta ba ta kashe ta. Suya tana rage ta, amma zafin kaskonmu bai isa ya kawar da ita ba; fumfunar ta mutu, gubar ta zauna. Na biyu, ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. Ƙwayoyi 'yan kaɗan ne suke ɗauke da mafi yawanta, to da an kai inji an markaɗa sai ta game ko'ina. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kuma idan aka matse mai, akasarin gubar a tunkuza take zama, shi ya sa binciken da masana suka yi kan ƙuli-ƙulin kasuwa a Najeriya da Jamhuriyar Benin ya sha gano ta fiye da ƙa'ida. Ƙa'idar kuwa tsaurinta yana nuna girman abin: Amurka ta yanke mikrogiram 20 a kowane kilo (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), Tarayyar Turai kuma 4 kacal ga gyadar da za a ci kai tsaye. Ita gubar kanta ba a iya ganinta da ido, ba a iya jinta da hanci. Ko gyadar kwalba ba ta tsira ba, domin a 2019 hukumar kula da ingancin kaya ta Kenya ta dakatar da wasu samfurorin botar gyada saboda ita, Afirka ta Kudu ma ta janye wasu daga kasuwa a 2024.

Kare yana cikin dabbobin da aflatoksin ya fi saurin kayarwa. Hantarsa ba ta jure shi, ga shi kuma yakan ci abinci iri ɗaya kullum, gubar ta yi ta taruwa. A ƙarshen 2005 karnuka da dama suka mutu a gabashin Amurka saboda abincin kare na kamfani da aka yi da gurɓatacciyar masara. A 2021 hukumar FDA ta ce ta sami rahoton mutuwar dabbobin gida sama da 130 da ake dangantawa da abincin wani kamfanin, shi ma aflatoksin ne. Waɗannan an ƙirga su ne saboda akwai masu ƙirgawa. Namu karen in ya daina cin abinci, ya kwanta, ya yi ta amai, idonsa da dasashinsa suka yi rawaya irin ta shawara, kashinsa ya fito da jini, sai a ce ɓarayi ne suka ba shi guba don su shigo, ko maƙwabci ne ya gaji da haushinsa. Na san gidajen da aka yi gaba a kan irin wannan zargi. Ba na cewa ba a ba karnuka guba, ana yi. Amma ya kamata kafin a nuna wa wani yatsa a leƙa kwanon da kare yake ci, a tambayi wace masara ko wace gyada aka yi makonni ana zuba masa. Wannan guba ba ta da makari; iyakar abin da likita zai yi shi ne a dakatar da abincin, a tallafi hantar, a yi fatan ba a makara ba.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai. Buhun da ya kwantar da kare, daga shi ake ɗibar ta kunun yara da ta miyar taushe. A 2004 mutum 125 suka mutu a gabashin Kenya bayan cin masarar da wannan guba ta kama. Kazar da aka watsa wa ruɓaɓɓiyar gyada tana rage ƙwai, akuya ko saniyar da ta ci kuma wani ɓangare na gubar yana fitowa a nononta. Saboda haka ne cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa ce mai launin shuɗi da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta yin guba. Ana watsa ta a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, sai ta riga mai gubar kama wuri. Ƙasar da ta taɓa tara dalar gyada a Kano har duniya ta san ta da ita, ya dace a ce kowane manomin gyada ya san da wannan.

Saura maganar maiƙo, wadda ba ta kisa nan take amma tana da nata. Kusan rabin nauyin botar gyada mai ne. Babban cokali biyu yana ɗauke da kalori wajen 190, kare mai kilo 10 kuma abin da yake buƙata a yini bai wuce 600 da 'yan kai ba. Likitoci suna cewa kayan marmari kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini, ke nan irin wannan kare ƙaramin cokali biyu ne iyakarsa, in ma bai sami wani abin lasawa ba a ranar. Maiƙo mai yawa a lokaci guda yana iya kumbura fankiriyas, ciwo ne mai tsanani da ke sa kare amai da lanƙwashe baya, yana iya kisa. Karen da ya taɓa yin wannan ciwo, ko mai ƙiba, ko mai ciwon suga ko na ƙoda, a raba shi da gyada gaba ɗaya. Wadda aka haɗa da cakulan ko busasshen inabi ita ma haramiyarsa ce, dukansu guba ne ga kare. Ƙuli-ƙuli kuma, ban da taurinsa da gishirinsa, in aka daka shi ya zama yajin tsire sau da yawa akwai tafarnuwa ko albasa a ciki, su kuma suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare in sun taru. Ragowar tsire da ake kakkaɓe masa daga takarda kullum ba alheri ba ne.

Na san akwai mai cewa duk wannan dogon bayani a kan kare? Mu dai mun tashi muna jin labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye kare don gadi ko farauta ko kiwo, ya ɗaure shi a gidansa, cinsa da shansa sun zama amana a wuyansa. A keɓe masa kwanonsa da cokalinsa kamar yadda tsarkinmu ya tanada, amma abin da za a zuba a kwanon ya zama wanda ba zai cuce shi ba.

Maƙwabcin nawa ya saurara har na gama, sannan ya leƙa zaure ya kira uwargida. "Hajiya, tsintar gyadar nan da kuke warewa, ina kuke kai ta?" Ta ce tana cikin wani tsohon kwano a bayan madafa, ana haɗa wa karen a ɗumame da safe, saura kuma kaji su samu. Ya sa aka ɗauko. Na duba, rabinta motsattsu ne, wasu sun yi baƙi, in ka murza sai su zama gari a hannu. A daren ya sa yaron ya haƙa rami mai zurfi a bayan gida inda kaji ba za su tono ba, aka juye aka rufe. Tunkuzar da ake ɓoye magani a ciki kuwa ya yarda a ci gaba da ita, tunda daga gyada mai kyau da aka tsince aka yi ta, amma ya ce kada dunƙulen ya wuce girman kan babban yatsa, kuma sai ranar shan magani.